Gwamnati Ta Ba Ni Tallafi, Sammaci Ya Je Wa Uban 'Ya'yana

Wasiƙun da na zaɓa a wannan fitowar duk daga Amurka suka zo, kuma magana ɗaya suke yi ta fuskoki daban-daban, wato tallafin gwamnati da kuɗin ciyar da yara da ake bin uba. Na ɓoye sunayen masu su kamar yadda muka saba. Abin da zan faɗa na san shi ne ta hanyar aikin tafinta da na daɗe ina yi wa mutanenmu a kotun iyali da ofisoshin tallafi na birnin Niyok, don haka mafi yawan misalaina na jihar Niyok ne. Kowace jiha tana da nata ƙa'idojin a kan na tarayya.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya, ya gida ya iyali. Ni 'yar zangon Kumasi ce, ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, da 'ya'yana biyu, duk a nan aka haife su. Bara mijina ya sake ni ya kwashe kayansa. Da farko yakan kawo ɗan abin da ya samu, daga baya ya ɗauke ƙafa. Kitso nake yi a shagon wata, kuma tun da na haifi ƙaramin ba na iya tsayuwar yini guda. Da kuɗin haya suka taru a kaina, sai na je na nemi tallafin kuɗi na gwamnati. Wajen cike takardu suka tambayi sunan uban yaran da inda yake aiki, na faɗa, don an ce dole ne. Yanzu sammacin kotu ya same shi. Danginsa sun kira mahaifiyata a gida suna cewa na tona masa asiri, na kai shi ƙara gaban Turawa. Shi kuma ya aiko cewa in je in janye, zai riƙa ba ni dala 300 a hannu duk wata. Wata ƙawata ta ce ko an karɓi kuɗin a wurinsa gwamnati ce za ta riƙe, ba ni zan gani ba. Hajiya, zan iya janyewa? Kuma na yi laifi a addini?

Amsa: Wa'alaikumussalam 'yata. Allah ya raya miki yaran, ya sa su zame miki sanyin ido.

Ba ke kika kai shi ƙara ba, kuma ina so ki riƙe wannan da kyau, domin a kansa ake wahalar da ke. Ranar da kika sa hannu a takardar neman tallafin kuɗi, a cikin abin da kika sa wa hannu akwai sharaɗin cewa kin miƙa wa gwamnatin jiha haƙƙin karɓar kuɗin ciyarwar yaran daga ubansu, muddin kina karɓar tallafin. Babu wadda ake ba kuɗin nan ba tare da wannan sharaɗin ba, baƙa ce ko fara, 'yar ƙasa ce ko baƙuwa. Daga wannan rana hukumar tallafi ce mai bin bashi, ita ta shigar da takarda a kotu, ita kuma ta sa aka aika sammaci. Kamar mai kantin unguwa ne da ya ga yara da yunwa ya ba su abinci, amma ya rubuta sunan ubansu a littafin bashi. Uwa ba ta da ikon goge abin da ke cikin littafin nan, don ba nata ba ne.

Tsarin ya girme ki. A 1975 majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin tilasta wa iyaye biyan kuɗin ciyar da 'ya'yansu, kuma babbar manufarsa tun farko ita ce gwamnati ta maido da kuɗin da take kashewa a kan iyalan da uba ya bari. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rushe tsohon tallafin ta kawo wanda ake kira TANF, wato tallafin kuɗi na wucin gadi ga iyalai mabuƙata, ta kuma ƙara tsaurara sharaɗin. Dole uwa ta ba da haɗin kai wajen gano uban, da tabbatar da cewa shi ne uba, da samo umarnin kotu a kansa. Wadda ta ƙi ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, za a rage mata aƙalla kashi 25 cikin 100 na tallafin, wasu jihohin ma su tsayar da shi gaba ɗaya. Da kin yi shiru ranar da suka tambaye ki sunansa, abincin yaranki ne zai ragu. Ko a masallaci kaɗai aka ɗaura muku aure, ko an yi rajista, ko ba a yi ba, duk ɗaya ne a wajensu. Abin da suke dubawa shi ne wane ne uba, kuma idan ya sa hannu a takardar amincewa a asibiti ranar haihuwa, magana ta ƙare. Idan bai sa ba, kotu ta sa a yi gwajin ƙwayoyin halitta, wato DNA.

Ƙawarki ta faɗi rabin gaskiya. Lissafin jihar Niyok a bayyane yake: ana ɗaukar kashi 17 cikin 100 na kuɗin shigar uba idan ɗa ɗaya ne, kashi 25 idan biyu ne, 29 idan uku, 31 idan huɗu, biyar zuwa sama kuma ba za a gaza 35 ba. Ana biya har yaro ya kai shekara 21. Mu ɗauka, don misali kawai, abin da kotu ta lissafa masa a wata dala 2,000 ne. Rabon yaranki biyu dala 500 ke nan. Muddin kina kan tallafin kuɗi, abin da zai iso hannunki daga ciki bai wuce dala 200 ba, don a Niyok ana miƙa wa uwa har dala 100 idan ɗa ɗaya ne, 200 idan biyu ne ko fiye, a kan tallafinta ba tare da an rage mata shi ba. Sauran 300 ɗin gwamnati za ta riƙe, jiha da tarayya su raba, a madadin abin da suka ba ki. Ba za su riƙe fiye da jimlar abin da suka taɓa ba ki ba. Ranar da kika sauka daga tallafin kuwa, kuɗin wata-wata gaba ɗayansu naki ne da yaranki.

Ni dai wannan riƙon da gwamnati ke yi bai taɓa kwanta mini ba. Na sha ganin uba mai ƙaramin ƙarfi da ake yanka masa albashi duk sati, ya zo ya ga ɗansa da takalmin da ya matse shi, ya juya ya zargi uwar da cinye kuɗi, alhali kuɗin ba su iso ta ba. Ita kuma tana ganin abin da ya shigo mata kaɗan ne, ta ɗauka shi ne yake ƙwauro. Gida biyu matalauta suna faɗa a kan kuɗin da ke aljihun na uku. Kuma ba dole ba ne a yi haka. Jihar Kolorado tun 2017 take miƙa wa iyalai dukan kuɗin wata-wata da uba ya biya, ko suna kan tallafi. Abin da wata jiha ta iya, sauran ma za su iya, kuma 'yan'uwanmu masu ƙuri'a ya kamata su riƙa tambayar 'yan majalisar jiharsu wannan magana.

Yanzu tayin dala 300 a hannu. Kada ki karɓa a ɓoye kina kan tallafi. Doka ta wajabta miki ki sanar da hukuma duk kuɗin da ya ba ki kai tsaye, kuma ɓoyewa zamba ce a wajensu. Za su iya bin ki bashin abin da suka ba ki, su hukunta ki, abin ya zame miki tabo a takardunki na zama ƙasa. Shi ma kansa tayin ba zai fisshe shi ba, domin da zarar umarnin kotu ya fito, abin da ya bi ta ofishin gwamnati mai karɓar kuɗin ciyar da yara ne ake rubuta masa. Wanda ya ba ki a hannu ana iya ɗaukarsa kyauta ce, bashi na nan yana taruwa da sunansa.

Hanyar fita ɗaya ce, ki rufe tallafin kuɗin da kanki. Idan kin rufe, haƙƙin ya dawo hannunki, ki ci gaba da shari'ar ko ki bar ta, sai dai abin da ya riga ya hau kansa na watannin da kika karɓa yana nan, tsakaninsa da gwamnati ne. Amma ki zauna da alƙalami kafin ki yi wannan. Ki rubuta kuɗin haya, da wuta, da waya, da abin da kitso ke kawowa a watan da babu ciniki. Sannan ki tuna mai wannan alkawarin shi ne wanda ya fara kawowa ya daina, ba kuma tare da kowa ya hana shi ba. Alkawarin baki idan ya karye babu inda za ki kai kuka. Umarnin kotu kuwa daga albashinsa ake cirewa kafin ya taɓa. Idan da gaske yake yana so ya ciyar da 'ya'yansa, ya zo kotu ranar da aka sa, ya kawo takardun abin da yake samu, a yanka masa daidai ƙarfinsa. Shawarata ke nan a gare ki: ki bar shari'ar ta tafi, ki yi ƙoƙarin sauka daga tallafin kuɗin da zarar ƙafarki ta tsaya, ki riƙe umarnin kotun. Tallafin tarayya ma wata 60 ne kacal a duk tsawon rayuwar mutum, gara ki adana sauran watanninki don wata rana. Katin sayen abinci kuwa a Niyok ba a ɗaura shi da wannan sharaɗin ba, inshorar lafiyar yaran ma ba a yanke ta saboda abin da ke tsakanin iyayensu.

Batun addini. Ciyar da 'ya'ya wajibi ne a kan uba, saki ba ya sauke shi. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ci da tufatarwa a kan wanda aka haifa wa ɗan, aya ta 7 a Suratuɗ Ɗalaƙ ta ce mai yalwa ya ciyar daga yalwarsa, wanda aka ƙuntata wa ya ciyar daga abin da Allah ya ba shi. A mazhabarmu ta Malikiyya yana ciyar da namiji har ya balaga da ikon nema, mace kuma har ta tare a ɗakin miji. Kuma kai kuka ga mai iko ba tonon asiri ba ne. Hindu 'yar Utba ta je gaban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce mijinta Abu Sufyan marowaci ne, ba ya ba ta abin da zai ishe ta da ɗanta. Bai kore ta ba, bai ce ta tona asirin miji ba, ya ce ta ɗauki abin da zai ishe su gwargwadon al'ada. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ke ko ƙarar ma ba ki kai ba, yunwa kika kai.

Ki kira mahaifiyarki ki yi mata bayani a natse, don ita ke shan maganganun a can. Ki gaya mata abin da za ta faɗa wa surukan: da ɗansu yana ciyarwa, da ɗiyarta ba ta je layin tallafi ba, da kuma babu wanda ya tambayi sunansa. Idan akwai limami ko dattijon zango a nan Bronx da yake jin maganarsa, ki roƙe shi ya raka shi kotu. Wannan shi ne sulhun da zai amfane shi.

Tambaya: Hajiya barka da aiki. Ni mutumin Maraɗi ne, tasi nake tuƙawa a Niyok, na kuma samu zama ɗan ƙasa. Mun rabu da matata, muna da ɗa ɗaya. An taɓa aiko mini da takardar kotu ban je ba, don na ga ai ina saya wa yaron kaya da madara, ina kuma ba uwar kuɗi idan na samu. Yanzu an ce ana bina dubban daloli, an aiko za a dakatar da lasina. Ga iyali a gida da tsofaffi da nake aika wa. Uwar yaron ta ce ta yafe mini. Me ya sa ba za a bar ni ba?

Amsa: Malam, barka kadai. Na gode da ka rubuto, domin maza da yawa suna cikin halin da kake ciki, sai dai a majalisa suke maganar, ba a inda za a gyara ba.

Rashin zuwanka kotu shi ya jawo mafi yawan wannan. Idan uba bai bayyana ba, alƙali ba ya ɗage magana har abada. Yana yanke hukunci a bayan idonka, kuma tun da babu takardar da ta nuna abin da kake samu, sai ya yanka bisa buƙatar yaron ko bisa abin da ake zaton kana iya samu. Ba kuma daga ranar hukunci lissafi ke farawa ba. Idan uwar tana kan tallafin kuɗi, ana iya komawa baya zuwa lokacin da aka fara ba ta. Shi ya sa mutum kan wayi gari da bashin da bai san lokacin da ya ci ba.

Yafewar uwar yaron alheri ce, Allah ya saka mata. Amma nata rabon kaɗai take iya yafewa. Abin da ya taru a watannin da take karɓar tallafi na gwamnati ne. Akwai kuma wata dokar tarayya ta 1986 da ta hana alƙali komawa baya ya rage bashin da ya riga ya taru. Ragi yana farawa ne daga ranar da ka shigar da takardar neman ragi. Don haka duk satin da ka ƙara kana jinkiri, a tsohon lissafi ake rubuta maka shi. Ka je kotun iyali a wannan makon ka nemi a sake duba adadin. Ka tafi da takardun harajinka, da bayanan abin da kake samu a tuƙi, da na kuɗin hayar mota, da inshora, da mai. Ka nemi tafintan Hausa, kyauta ne, haƙƙinka ne, kada ka ce ai kana jin Turanci sama-sama. Dokar Niyok ta yarda a sake lissafi idan hali ya canja sosai, ko shekara 3 ta wuce, ko samu ya sauya da kashi 15 cikin 100. Wanda samunsa ke ƙasa da ma'aunin talauci kuwa ana iya yanka masa dala 25 kacal a wata, kuma bashin da ya taru a lokacin da yake cikin wannan hali bai kamata ya wuce dala 500 ba, amma sai ya zo ya nuna.

Kada ka yi wasa da takardar lasin. A Niyok bashin da ya kai na wata 4 ya isa a dakatar da lasin tuƙi, kai kuma motar nan ita ce gonarka. Takardar tana ɗauke da wa'adin da za ka ƙalubalanta ko ka shirya yadda za ka riƙa biya, ka je kafin ya cika. Suna kuma iya tare kuɗin harajin da ake maido maka, su riƙe asusunka na banki. Bashi ya haura dala 2,500, ba za a ba ka fasfon Amurka ba, ba za a sabunta maka ba, ko tafiya gida ce ko Hajji. Kurkuku har wata 6 yana yiwuwa, amma ga wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi. Ka tambayi ofishin kula da kuɗin ciyar da yara na birnin shirye-shiryen da suke da su na rage bashin da gwamnati ke bi, akwai su, kuma an yi su ne don irinka.

Iyalinka na gida, Allah ya ba ka ladan ɗawainiyarsu. Ka kai rasit ɗin kuɗin da kake aikawa ka nuna wa alƙali. Sai dai ka sani abin da doka ke cirewa kai tsaye shi ne wanda kake biya wa wasu 'ya'yan bisa umarnin kotu ko rubutacciyar yarjejeniya. Abin da kake aika wa tsofaffi da ƙanne ba ya shiga lissafinsu. Daga yau kuma kowace dala ta bi ta ofishin karɓa. Kaya da madara ka ci gaba da saye don ɗanka ne, amma kada ka ƙirga su a biyan bashi. Kuma bashin nan bai hana ka ganin ɗanka ba, shari'ar ziyara daban take.

Tambaya: Anti, na gudo ne da jaririyata daga wurin mijin da ke dukana, ina zaune a wurin da bai sani ba. Ina bukatar tallafin, amma ina tsoron idan na faɗi sunansa zai gano inda nake.

Amsa: Ƙanwata, Allah ya tsare ki, kuma kin yi daidai da kika fita. Doka ta san da irin halinki. Uwa tana da damar a ɗauke mata sharaɗin bin uban idan yin hakan zai jefa ta ko ɗanta cikin haɗari, haka ma idan ta hanyar fyaɗe aka samu cikin. Amma ba za su sani ba sai kin faɗa, kuma mutanenmu kunya kan sa su amsa da "lafiya lau" ga tambayar da aka yi don a cece su. Tun a zaman farko ki ce akwai duka, kina tsoro, kina so ki ga jami'ar da ke kula da matan da aka ci zarafinsu. Ofisoshin tallafi na Niyok suna da ita, kuma a keɓe za ku yi magana.

Idan kina da rahoton 'yan sanda, ko takardar asibiti, ko umarnin kotu na hana shi kusantarki, ko saƙonnin barazana a wayarki, ki tafi da su. Idan babu ko ɗaya, kada hakan ya hana ki zuwa, bayaninki da kika yi rantsuwa a kansa ana karɓarsa a duba. Ki nemi tafinta mace wadda ba ta san danginsa ba, kuma idan kin ga fuskar da kika sani, ki ce a canja. Idan aka ƙi ɗauke miki sharaɗin, ko aka rage miki kuɗi, kina da haƙƙin neman a saurari ƙorafinki gaban alƙalin hukuma, kuma lauyoyin taimakon marasa ƙarfi suna tsaya wa mutum kyauta a irin wannan. Idan kuma wata rana ke da kanki kika ga kina son a karɓo wa yarinyar haƙƙinta, ana iya yin shari'ar a ɓoye adireshinki daga duk takardar da za ta kai hannunsa. Ki nemi hakan a rubuce kafin a shigar da komai.